Sunansa a Katin Inshorata

Ku da kuke ta cika min waya da saƙo, "Fina kin yi shiru, ko har an sa rana ne?", ba a sa komai ba. Numfashi na yi ta nema a makon nan, kuma numfashin gaske nake nufi, mai shiga ta hanci ya fita. Ku gyara zama, don abin da uwata ta yi min wannan karon ya wuce a tura shi a layi biyu.

Wadda yau ta fara leƙowa, sannu da zuwa. Sunana Delfina Tafoya, a gida Fina. Saƙar barguna nake yi a wani ɗan shago a nan Rito Seco, cikin duwatsun arewacin New Mexico, garin da in kika yi atishawa a bakin coci za a ce miki sannu daga gidan mai. Ina da asma tun ina 'yar shekara biyar, ina kuma da uwa mai suna Lorraine, har yau ban tantance wacce ta fi shaƙe ni ba.

Ran sha tara ga Agusta na cika ashirin da shida. Kowa a ƙasar nan ya san ma'anar wannan: inshorar lafiyar iyayenki ta yi miki sallama, ki nemi taki. Mama ta zagaye ranar da jan biro a kalandar kicin tun watan Janairu.

"Ni ina shekarunki," ta ce tana yanka kek, "ina da miji, ina da ke, ina da kati mai sunana."

"Mama, kek ɗina ne fa, ki bari in haɗiye."

"Haɗiye, mija, 'yata. Ki dai tauna a hankali, daga ƙarshen wata haƙoranki ba su da mai su."

Ɗan takararta shi ne Leroy Gallegos, mai tuƙa motar gyaran titi ta gunduma. Ban taɓa jin Mama ta yabi fuskarsa ko halinsa ba. Abin da take faɗa kullum shi ne inshorarsa ta haɗa har da haƙori da ido, kuma tana faɗa ne a hankali, da irin muryar da take addu'a da ita.

Nawa kuwa, in har zan iya ce masa nawa, Eloy Maestas ne. Mataimakin likita ne a ƙaramin asibitin garinmu, bana ya zo. Mun haɗu a bakin kanti ranar da aka fara gashin koren barkono, hayaƙi ya turnuƙe ni na fara tari har da hawaye. Wani dogo mai manyan kunnuwa ya karɓi buhuna, ya zaunar da ni a bayan motar wani, ya tsaya yana kallon agogonsa yana ƙirga numfashina. Ba wanda ya taɓa kallona da wannan natsuwar. Tun daga ranar mun sha kofi sau huɗu, ya kuma ce Asabar mai zuwa zai kai ni inda ake dafa posole, wato faten masara da barkono, mafi daɗi a jihar nan. Na tambaye shi ina ne, ya ce in dai zo da yunwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Sabuwar inshorar da na yi wa kaina irin wadda sai kin zaɓi mutum ɗaya ne da zai riƙa duba ki, su buga sunansa a katinki, duk takardar magani ta hannunsa za ta fito. Tsohon likitan da ya san ƙirjina tun ina firamare ba ya karɓar irinta. Mai kantin magani kuma ya ce takardar abin shaƙata na asma ta ƙare, sai na kawo sabuwa. Abin shaƙar nan yana da 'yar taga a baya da ke nuna saura shaƙa nawa. Sabo daga ɗari biyu yake farawa. Nawa a ranar yana kan arba'in da ɗaya, ga shi lokacin barkono ne, duk garin hayaƙi.

Da nake cike fom a kwamfuta na ga sunan Eloy a jerin waɗanda za a iya zaɓa, na tsallake shi da gangan. Ku faɗi gaskiya, wace ce a cikinku za ta so mutumin da ta yi wa kwalliya sau huɗu ya ɗora ta a sikeli ya karanta lambar da ƙarfi? Na bar gurbin babu komai, na bar kwamfutar a buɗe a teburin kicin, na fita taya Baba sauke buhuna. Minti goma kacal. A kicin akwai Mama da Tía Ofelia, yayar Baba, wadda ta binne maza biyu kuma take ganin hakan ya ba ta digiri a harkar aure. Da na dawo na tarar da kwamfutar a rufe, Mama ta ce ta tura min ne kada batir ya mutu.

Katin ya iso ranar Asabar muna ɓare barkono, hannuwanmu cikin leda, bahon roba uku a tsakar kicin, idon kowa ja. Mama ta goge hannu a gaban rigarta, ta farke ambulan mai sunana kamar yadda ta saba, ta ɗaga katin saitin taga.

"Ofelia, zo ki ga dacewa. Delfina Tafoya a sama, Eloy Maestas a ƙasa. Ko mai buga katin biki iyakar abin da zai yi ke nan."

Na fizge katin. Ga shi nan kuwa ɓaro-ɓaro, baƙin rubutu a farar roba.

"Kuma Alhamis ƙarfe goma za ki gan shi," in ji Tía ko kai ba ta ɗago ba. "Na kira Bernie ta sa ki." Bernie ita ce mai zama a teburin karɓar mutane a asibitin, shekara talatin suna waƙar coci tare da Tía a benci ɗaya.

"Mama, ina Leroy ɗin naki?"

"Leroy yana nan, ai ba ya ruɓewa. Amma likita likita ne."

"Ba likita ba ne. Mataimakin likita ne. Sau uku yana gaya miki."

"Kawaici ne irin na 'ya'yan manya."

Na ce bari in kashe bakinsu. Na cire ledar hannuna, na buɗe shafin hukumar lasisi ta jiha, inda kowa zai iya rubuta sunan mai duba shi ya ga gaskiyarsa. Dama ni ba na miƙa ƙirjina ga mutum sai na duba, ko da kuwa ya iya ƙirga numfashi. Na karanta musu da ƙarfi. Suna, lambar lasisi, mataimakin likita. Lasisi yana aiki, bai ƙare ba. Ya ci jarrabawar ƙasa. Ƙorafi babu, horo babu.

"Shekara nawa yana taimakon?" Tía ta tambaya.

"Shida."

"Shekara shida yana taimako ba a ƙara masa girma ba? Marigayi mijina Amarante wata takwas ya yi yana taimakon makaniki ya buɗe garejinsa."

"Tía, sunan aikin ne haka. Shi yake duba mutum, ya rubuta magani, ya ɗinke rauni. Likitan da ke bin bayan aikinsa sau biyu a wata yake zuwa, ke kanki ba ki san kamanninsa ba."

Daga falo Baba ya ɗago babban yatsansa ba tare da ya cire ido daga talabijin ba. "Shi ya ɗinke min wannan. Har yanzu bai faɗi ba."

Mama ta leƙo ta kafaɗata. "Gangara ƙasa. Ba su rubuta ko yana da mata ba?"

"Hukumar lasisi ce, Mama."

"To ɗan gidan wa ne? Maestas na ina? Wace ce uwarsa?"

"Ba su rubuta ba."

"Yo wace irin hukuma ce wannan, ba ta san abin da mutane ke son sani ba?"

Tía ta yi shiru tana ta ɓare barkononta. Tía ba ta shiru, ko a jana'iza. Ya kamata a ce na lura.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa a kicin ba: na ji daɗi. Na kai katin ɗaki na kalle shi ya fi sau goma. Na ce a raina, sikeli dai ai sai in cire takalmi da 'yan kunne.

Ranar Litinin ina kan saƙa wayata ta motsa. Saƙon Eloy ne.

"Fina, na ga sunanki a jerina na Alhamis. Kada ki sa hannu a komai. Mu haɗu bayan gidan mai ƙarfe biyar."

Ba fuskar dariya, ba komai. Na karanta sau shida. Na koma gida na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai ɗamara, da 'yan kunnen azurfa masu shuɗin dutse da kakata ta bar min, don in ma kora ce gara a kore ni ina da kyau.

Na same shi jingine da motarsa, har yanzu da kayan aiki, kunnuwan nan sun yi ja.

"Ke kika zaɓe ni?"

"Uwata ce."

Ya rufe ido. "Na yi zargin haka. Fina, in kika shiga ɗakin can kika zauna na sa abin aune a bayanki, kin zama marar lafiyata. Daga ranar babu kofi, babu Asabar. Ba a neman wadda ake dubawa. Lasisin mutum ake ƙwacewa a kan haka."

"To ka duba ni Alhamis, in bar ka Juma'a, mu fita Asabar."

"Ba alli ba ne da za a goge da hannu. Kuma a garin nan? Kafin mu gama cin abinci magana ta kai hukuma."

"Shi ke nan, sauƙi ma ya zo. Rubuta min takardar a nan, kan murfin mota, kowa ya huta."

"Wannan ma hanyar rasa lasisin ce, ta yanke."

"Wato ka fi son takarda a kaina."

"Saura nawa a abin shaƙar?"

"Talatin," na ce. Sha biyu ne.

Ya miƙo hannu in ba shi ya gani, na ƙara matse jakata a hammata. Ya sauke hannun.

"Ki ji ni da kyau. In ba ki samu wani ba kafin Alhamis, ki shigo, zan duba ki, in haƙura da Asabar da duk abin da ke bayanta. In ƙirjin ya kama kafin nan kuma, ki kira motar asibiti, kada ki tsaya tunanina. Ba na son wannan zaɓin ko kaɗan, amma numfashinki ya fi."

Na ji haushinsa ƙwarai. Na kuma ji ya ƙara shiga raina a daidai wannan lokacin, wanda ya ninka min haushin. Na shiga mota na buga ƙofa, gefen rigata ya maƙale a waje, haka na tuƙa har gida.

Talata na wuni a waya. Jerin da kamfanin inshora ya ba ni sunaye huɗu ne a nisan da tsohuwar motata za ta iya zuwa. Na farko matarsa ce ta ɗauka, ta ce shekara biyu ke nan da ya ajiye aiki, yanzu zuma yake kiwo, ko ina son kwalba? Na biyu na duba lasisinsa, tsaf, ashe ƙafa kaɗai yake dubawa. Na uku suna karɓar inshorata da hannu biyu, amma babu gurbin sabon mutum sai Janairu. Na huɗu kun san shi.

Da na faɗa a gida, Mama ta ajiye ludayi ta zauna.

"Tsaya in gane. In ya duba ki ba zai aure ki ba. In ya aure ki ba zai duba ki ba."

"Haka ne."

"To mene ne amfaninsa?"

Laraba da yamma sai ga Leroy a teburinmu, da rigar coci da sumar da ta sha mai. Bawan Allah ba shi da laifi, kiransa aka yi. Ya yi mana bayanin sabon kwalbatin da suka binne a hanyar maƙabarta tun daga miya har zuwa kofi. Mama ta lallaɓa shi har ya zaro katin inshorarsa ya ajiye kusa da gishiri, ta juya shi gaba da baya tana karanta ƙananan rubutun. Turaren da ya zuba kuwa, ban san ko da bokiti ya auna ba. Sau biyu ina tashi zuwa banɗaki in shaƙa a ɓoye. Tía ta dafa min saiwar oshá ta maganin tari ta tsare ni sai da na shanye, tana ta danna waya da ɗan yatsa ɗaya, wai maganar waƙar Lahadi suke yi da Bernie.

Da safiyar Alhamis tagar ta nuna huɗu.

Ina ɗaura takalmi Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ba kwalliya, ba ludayi.

"Kina shekara bakwai na ɗauke ki a mota leɓenki ya yi shuɗi," ta ce. "Mil sittin ina tuƙi ina kiran sunanki ba ki amsa. Ni ba ruwana da kwalbati, Fina. So nake in san ko bayan raina akwai ƙofar da za a buɗe miki in numfashi ya ƙi."

Shekara nawa ina yi wa maganar inshorarta dariya, ban taɓa tambayar daga ina ta samo asali ba. Na rungume ta, ta ce in sake ta kada in makara, in kuma canza rigar nan don ta yamutse.

Goma saura kwata ina ɗakin jira. Bernie, da gilashinta rataye da sarƙa, ta turo min fom a kan ɗan allo da biro ɗaure da zare.

"Kina sa hannu a ƙasa ki miƙo min, kin zama tamu," ta ce. Doka ta hana Bernie faɗin sirrin kowa, don haka ba ta faɗa, girarta ce ke yi mata aikin.

Na cike suna, na cike ranar haihuwa. Eloy ya wuce ta lungu da wani tsoho, bai kalle ni ba, sai dai ya yi karo da kwandon shara. Na zaro abin shaƙata na kalli huɗun nan. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye muku ba. Huɗu ba ta kai mutum Janairu, da ƙyar ta kai shi Lahadi. Na ɗora bakin biro a layin sa hannu har ya yi ɗigo.

Sai na tura allon ya koma wajen Bernie.

"Ki cire ni."

"Kin tabbata? Ina za ki?"

"Ban sani ba. Ko wajen mai ƙafa ne."

Girar ta sauka. Ta buɗe aljihun tebur ta zaro 'yar takarda ruwan ɗorawa, wadda na lura an riga an rubuta ta tun kafin in shigo. Priscilla Roybal, mataimakiyar likita, garin Alamitos. Yau, ƙarfe biyu.

"Ba ta cikin jerin kamfaninku don ba su sabunta shi ba, amma tana karɓa. Wani ya fasa zuwa. Mil saba'in ne ta kan dutse, ki sha mai."

Ba a yi min sakiyar da ba ruwa sau biyu. A cikin mota, kafin in tayar, na buɗe shafin hukuma na rubuta sunanta. Lasisi yana aiki. Shekara ashirin da bakwai, ko ɗigon ƙorafi babu. Na kira asibitin Alamitos na karanta musu lambar katina harafi-harafi, suka ce suna karɓa. Na kira kamfanin inshora, na sha kiɗansu na jira minti arba'in, wata mata ta tabbatar, ta cire sunan Eloy ta sa na Priscilla. Na jinjina wa kaina, na ce Fina, yau kam ba abin da ya wuce ki.

A kan dutse na bi bayan wata motar itace mai baƙin hayaƙi, na shaƙa biyu. Na isa da biyu.

Fom ɗin Alamitos shafi uku ne, tsohon bugu, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk abin da ka rubuta sirri ne tsakaninka da mai duba ka. Tambaya ta sha ɗaya ta ce: me ya sa ka bar mai duba ka na baya? Ga gajiya, ga yunwa, ga mako guda ban faɗa wa kowa gaskiya ba. Mil saba'in daga uwata, wa ya san ni? Na danna biro na rubuta: "Don shi nake so in aura. Bai sani ba tukuna. Kunnuwansa ma na haƙura da su."

Priscilla Roybal gajeruwa ce, furfura a ɗaure a ƙeya, takalmin gudu a ƙafa. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta saurari ƙirjina gaba da baya, ta sa na hura iska a wani bututu sau uku, ta karɓi abin shaƙata ta kalli tagar.

"Biyu. Da asma kike tsayawa kan gashin barkono, kuma kina saƙar ulu ba abin rufe hanci?"

"Gadonmu ne."

"Asmar ma gado ce, sai ki zaɓi wanda za ki riƙe." Ta tura takardar magani kantin da ke jikin asibitin, har da wani na kullum da ta ce tuntuni ya kamata a ɗora ni a kai. Na ji kamar an sauke min buhu daga ƙirji. Sannan ta zauna ta ɗauki fom ɗina tana bi layi-layi. A shafi na biyu ta tsaya. Ta cire gilashi, ta goge, ta mayar, ta sake karantawa.

"Wane ne mai duba ki na baya?"

"Bai kai ga duba ni ba ma. Wani ne a Rito Seco."

"Mutum ɗaya ne a Rito Seco."

Ta miƙa hannu ta juyo wani hoto da ke kan teburinta yana kallon bango. Dogon saurayi da hular gama makaranta, hular ta zauna daram a kan kunnuwa biyu da zan gane ko a cikin duhu.

"Roybal sunan mijina na biyu ne," ta ce. "Kunnuwan kuma na ubansa ne, ni ma haƙuri na yi da su."

Masu karatu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na duba lasisi, na duba ƙorafi, na duba inshora, abu ɗaya da uwata ta ce a duba shi ne hukuma ba ta rubuta ba. Na kalli ƙofa, na kalli taga, na kalli fom ɗin ina lissafin ko zan iya fizge shi in haɗiye.

"Bernie ta ce min wata yarinya ce ke buƙatar gurbi da gaggawa, ba ta ƙara komai ba," in ji ta. "Zan gamu da ita. Ke kuma ki kwantar da hankalinki. Abin da kika rubuta, doka ta hana ni gaya masa, ko shi ko wani. Shekara ashirin da bakwai ba ni da tabo, na san kin duba, ba kuma a kanki zan fara ba."

"Na gode," na ce da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Abu biyu. Na ɗaya, in wannan magana ta tabbata, ni ma sai kin bar ni, ba a duba suruka. Zan nemo miki wata da kaina, ba ta hannun Bernie ba. Na biyu, ya gaya miki inda zai kai ki ranar Asabar?"

"Ya ce inda ake dafa posole mafi daɗi a jihar nan."

"Aƙalla bai yi ƙarya ba. Tun jiya na jiƙa masarar." Ta rufe fayil ɗina ta miƙe. "Ranar zan yi kamar ban taɓa ganinki ba, na iya. Ke ce ban sani ba ko za ki iya. Ki gaida mamanki, na san abin da uwaye ke tambaya, ki ce mata inshorarsa ta haɗa har da haƙori."

Na karɓi magungunana na zauna a mota. Sabon abin shaƙa, tagarsa na nuna ɗari biyu cif. Wayata ta motsa, Eloy ne.

"Bernie ta ce kin fita, ta ƙi faɗa min ina. Kina numfashi?"

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ni doka ba ta hana ni komai ba. "Ina numfashi. Mamanka ta ce in daina gashin barkono."

Ɗigo uku suka fito, suka ɓace. Suka sake fitowa, suka sake ɓacewa. Na ƙirga numfashina da kaina, sha huɗu.

"Fina. Ni na buga mata fom ɗin nan ina sakandare. Tambaya ta sha ɗaya. Me kika rubuta?"

Na ɗaga kai. A tagar asibitin Priscilla na tsaye da kofin shayi tana kallon motata, bakinta a rufe gam kamar yadda doka ta ce. A duk faɗin duniya mutum biyu ne suka san amsar, kuma ɗaya ce kawai aka yarda ta faɗa.

Na girgiza abin shaƙar, na ja ɗaya har ƙasan ƙirji. Ɗari da casa'in da tara. Sannan na danna kira.